Dutsen da Ke Tace Sigina a Cikin Waya, da Darasin da Ke Ciki ga Jega, Aliero da Maiyama

A rumfunan gyaran waya na kasuwar Jega akwai matsalar da kusan kullum sai an kawo ta. Waya tana kunnuwa, caji yana shiga, sikirin lafiya lau, amma sabis ya ɗauke. Mai gyara zai canza sim, ya duba eriya, ya sake loda manhaja. In duk bai yi ba, sai ya kwance injin, ya ɗaga murfin ƙarfen da ke kusa da eriya, ya shiga bin wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu kusurwa huɗu waɗanda ko girman ƙwayar gero ba su kai ba. Filta ake ce musu. Ya ciro ɗaya daga mataccen inji, ya hura masa iska mai zafi ya dasa, in an yi sa'a sabis ya dawo, mai waya ya biya ya tafi.

Da za a tambayi mai gyaran abin da ke cikin filtar nan, da wuya ya iya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne, domin babu wanda ya taɓa koya masa. A ciki akwai ɗan yankin dutse wanda samansa ke kaɗawa sau ɗaruruwan miliyoyi, wani ma sama da sau biliyan, a cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma masana a Faransa da Jamus da Ingila da suka shafe shekaru suna ɗaukar hoton wannan kaɗawa da hasken eksire, irin hasken da ake duba karyayyen ƙashi da shi a asibiti.

Da jin haka wani zai ce wannan ai hirar Turawa ce, ina ruwan mai albasa a Aliero ko manomin shinkafa a Maiyama. Ra'ayin wannan rubutu shi ne akwai ruwansu, kuma jihar da ke da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, take kuma da lithium a ƙarƙashin ƙasarta, bai kamata ta bar wannan fanni ya wuce ta ba. Sai dai shigarsa ba ta buƙatar ginin biliyoyi. Tana farawa ne da kwamfuta, da ƙaramar na'urar awo, da mutanen da aka koya wa karanta abin da na'urar ta fitar.

Abin da ke cikin filta

Waya tana magana da turken sabis ne ta igiyar rediyo, kuma sararin samaniya cike yake da irin wannan igiya. A Najeriya kamfanonin sadarwa suna aiki a zangon megahaz 900 da 1800 da 2100 da wasunsu. A zangon 900 kaɗai, waya tana aikawa tsakanin 880 zuwa 915, tana kuma saurare tsakanin 925 zuwa 960. Ratar da ke tsakani megahaz 10 ce kacal. Ga shi kuma siginar da wayar ke fitarwa ta fi wadda take ƙoƙarin ji ƙarfi sau biliyoyi. Kamar mutum ne yana tsaye kusa da lasifikar mai tallan magani a kasuwa, yana son jin raɗar da ake yi masa daga can ƙarshen layi. Aikin filta shi ne ta toshe hayaniyar ta bar raɗar ta wuce. Wayar zamani tana ɗauke da gomomin irin waɗannan filtoci, kowane zango da nasa.

Dabarar ta dogara ne da abubuwa biyu da aka gano tun ƙarni na 19. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da in aka matse su suna fitar da lantarki, daga baya kuma aka tabbatar in aka ba su lantarki suna motsawa. Duk wanda ya taɓa danna laitar kunna gas ya ga tartsatsi ya fito ba tare da batir ba, ya ga wannan dabara tana aiki. Sai kuma a 1885 wani masani ɗan Ingila, Lord Rayleigh, ya nuna da lissafi cewa akwai igiyar sauti da ke bin saman abu mai tauri ba tare da ta nutsa can ciki ba, kamar yadda ruwan Gulbin Zamfara ke yin zobba a sama in yaro ya jefa tsakuwa daga gadar Jega.

Shekara 80 aka yi kafin a haɗa biyun yadda za su yi amfani. A 1965 Richard White da Fred Voltmer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka shimfiɗa siraran layukan ƙarfe a kan irin wannan dutse, sun shiga tsakanin juna kamar matsefi biyu da aka haɗa haƙoransu. In sigina ta shigo ta matsefin farko, sai saman dutsen ya kaɗa, kaɗawar ta yi tafiya zuwa matsefi na biyu, shi kuma ya mayar da ita lantarki. Siginar da ta dace da tazarar haƙoran ce kaɗai ke wucewa da ƙarfinta, saura su mutu a hanya.

Dalilin da ya sa ake wahalar mayar da sigina sauti shi ne girma. Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, shi ya sa a megahaz 900 tsawon kaɗawa ɗaya ya kai santimita 33. Igiyar saman dutse kuwa gudunta wajen mita 4,000 ne a daƙiƙa, don haka kaɗawa ɗaya ba ta kai maikiromita 5 ba, alhali kaurin gashin mutum wajen maikiromita 70 ne. Abin da zai ci faɗin faranti a sarari ya koma abin da ake ɗauka da bakin hantsaki. Duwatsun da aka fi amfani da su su ne lithium niobate da lithium tantalate, waɗanda ake narkawa a raina su a masana'anta, galibi a Japan da Sin. Kamfanoni ƙalilan ne suka riƙe kasuwar filtocin, irin su Murata da Qualcomm da Skyworks da Qorvo.

Yadda ake ɗaukar hoton abin da ke gudu haka

Mai ƙera filta yana da matsala guda: ba ya ganin abin da ya ƙera yana aiki. Tudun da kaɗawar ke yi a saman dutsen sau da yawa bai wuce nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin 70,000 na kaurin gashi. Kuma a megahaz 900 tudun yana tashi ya faɗa cikin abin da ya ɗara kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa kaɗan. Babu madubin likita na yau da kullum da zai kama wannan.

A nan hasken eksire ya shigo. Mutanen Aliero, garin da ya yi suna da masu ɗori, sun san eksire ta hoton ƙashi, inda hasken ke ratsa nama ya bar inuwar ƙashi a kan fim. Tun 1895 da Wilhelm Röntgen ya gano hasken a Jamus ake wannan. Amma akwai amfani na biyu da ba inuwa ake dubawa ba. A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka haska eksire a kan kiristal, wato dutsen da ƙwayoyin zarrarsa ke jere sahu-sahu, hasken yana watsuwa ta wasu kusurwoyi takamaimai. Dalili shi ne tsawon igiyar eksire, wajen kashi ɗaya cikin goma na nanomita, ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin sahun ƙwayoyin. William Bragg da ɗansa Lawrence suka fitar da lissafin da ke mayar da kusurwar zuwa tazara, aka ba su kyautar Nobel a 1915, lokacin ɗan yana da shekara 25. Tun daga nan, wanda ya auna kusurwa ya san yadda ƙwayoyin ke zaune, in sun matsu ko sun buɗe ya gani.

Saura matsalar gudu. Duk wanda ya ɗauki bidiyon fanka ko tayar babur da waya ya taɓa ganin kamar ta tsaya cak, ko tana juyawa baya. Abin da ke faruwa shi ne kyamara tana ƙyafta ido daidai lokacin da fiffiken ya dawo wurin da yake. Wannan dabarar ake yi wa igiyar dutse, sai dai ana buƙatar fitilar eksire mai ƙyaftawa da saurin da ya dace. Fitilar ita ce sinkirotiron: wani katafaren zobe da ake kora dunƙule-dunƙulen elektiron a cikinsa da gudun da ya kusa na haske, duk inda maganaɗisu ya lanƙwasa hanyarsu sai su tofar da eksire mai tsananin ƙarfi. Zoben cibiyar ESRF da ke Grenoble a Faransa kewayensa mita 844 ne, elektiron yana zagaya shi wajen sau 355,000 a daƙiƙa, kuma kowace walƙiya tana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin biliyan 10 na daƙiƙa. In aka ɗaure agogon filtar da agogon zoben, kowace walƙiya za ta tarar da igiyar a wuri guda, sai ta zama kamar a tsaye. A ɗan jinkirta agogon kaɗan a sake ɗauka, a sake jinkirtawa a sake ɗauka, har a haɗa fim na tafiyarta.

A 1982 Roger Whatmore da abokan aikinsa suka yi wannan a zoben Daresbury da ke Ingila, suka ɗauki hoton igiyar tana tafiya a kan lithium niobate, aka buga sakamakon a mujallar Nature. Daga baya an ci gaba da irin aikin a Grenoble da kuma zoben BESSY II na Balin. Ana iya auna kaɗawar saman dutse da hasken leza ma, kuma ya fi araha, amma leza fatar sama kawai yake gani. Eksire yana shiga ƙarƙashin layukan ƙarfen, ya nuna yadda sahun ƙwayoyin ke matsuwa a ciki, da zurfin da igiyar ta kai, da inda ƙarfinta ke zurarewa, da yadda take karkacewa in ta ci karo da aibi a jikin dutsen. Duk ƙarfin da ya zurare a filta, batirin waya ne ke biyansa.

Ina ruwan Kebbi

Na farko zafi. Dutsen filta yana sauya hali da yanayi. A lithium tantalate, zangon da filtar ke tacewa yana zamewa da wajen kashi 40 cikin miliyan a duk digiri ɗaya. In aka tashi daga digiri 25 zuwa 45, abin da ba baƙo ba ne ga wayar da ke aljihun ɗan acaɓa a Jega a watan Afrilu, filtar zangon 1800 za ta zame da kusan megahaz ɗaya da rabi, a wurin da ratar aikawa da saurare 20 ce gaba ɗaya. Masu ƙerawa sun san da haka, suna barin sarari dominsa, wasu kuma suna shafa wa dutsen wani siririn rufi na silika don rage zamewar. Kada a fahimci wannan a karkace: yawancin ɗaukewar sabis a ƙauyukan Maiyama daga nisan turke ne, ko rashin wuta a turken, ko cunkoso. Amma tambayar yadda kayan lantarki ke tsufa a zafi da ƙurar hunturu irin na wannan yanki tambaya ce ta gaske, kuma wanda ke zaune cikin zafin ya fi kowa dalilin yin ta.

Na biyu, fannin bai tsufa ba. A Disambar 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 na 5G, MTN da Mafab suka ci a kan dala miliyan 273.6 kowanne. A wannan zango faɗin kowane haƙorin matsefi sai ya sauko zuwa kusan kashi uku cikin goma na maikiromita, inda tsohon salon filta ke fara gazawa. Shi ya sa kamfanoni ke ta gwada sababbin tsare-tsare, kamar ɗora siririn yankin dutse a kan wani abu daban, ko amfani da igiyar da ke ratsa cikin dutse maimakon samansa. Duk sabon tsari yana buƙatar wanda zai leƙa ciki ya ga abin da ke faruwa.

Na uku shi ne mafi kusa da gida. Sunayen duwatsun nan biyu suna ɗauke da ma'adinai uku: lithium da niobium da tantalum. Duka ukun ana haƙo su a Najeriya. A shekarun 1950 tsaunukan Jos su ne kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbayit, dutsen da ake samun niobium a cikinsa. Yau kuma wanda ya bi titin da ya tashi daga Jega ya ratsa Maiyama da Koko zuwa Yawuri, ya ƙara gaba cikin ƙaramar hukumar Ngaski, zai isa Libata inda ake haƙar lithium. Gaskiya ne mafi yawan lithium na duniya batir ake yi da shi, abin da ke tafiya ga filta ɗan kaɗan ne. Amma ilimin da ke tantance dutsen Libata shi ne matakin farko na ilimin da ke duba filta a Grenoble: a haska eksire, a auna kusurwa, a karanta sahun ƙwayoyi.

Ga misalin da ya shafi aljihu. Lithium yana zuwa ne cikin ma'adinai daban-daban, kamar sifodumin da lefidolayit, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Tsantsar sifodumin tana ɗauke da kusan kashi 8 cikin 100 na sinadarin lithium da ake lissafi da shi a kasuwa, ana kuma yawan cinikin tataccensa a kan kashi 6. Ƙaramar na'urar eksire mai kama da bindiga da dillalan ma'adinai ke yawo da ita tana gane ƙarfe da kuza da tantalum, amma ba ta ganin lithium kai tsaye domin ƙwayarsa ta yi sauƙi da yawa. Na'urar auna watsuwar eksire ta ɗakin gwaji kuwa tana faɗin wane ma'adini ne a cikin garin dutsen, da kimanin yawansa. Mai haƙa da ba shi da hanyar wannan awo, farashin da mai saye ya faɗa shi ne farashi.

Masu cewa ba yanzu ba

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya gefen. Jihar da ke fama da matsalar tsaro a wasu sassanta, da ƙarancin wuta, da makarantun da ke neman malaman lissafi, da albasar da ke ruɓewa a ajiya kafin farashi ya tashi, me ya kai ta maganar zoben mita 844? Masu wannan magana suna da gaskiya a abu ɗaya babba: Kebbi ba za ta gina sinkirotiron ba, bai ma kamata ta yi mafarkinsa ba. Duk nahiyar Afirka babu ko ɗaya. Masu fafutukar ganin an gina na Afirka sun yi taronsu na farko a Nuwambar 2015, kuma a Grenoble suka yi shi. Haka nan duk wanda ya ce filtar sauti za ta ceci albasar Aliero a bana yana sayar da iska ne. Ana yin na'urorin auna zafi marasa batir da wannan fasaha, ana amfani da su a masana'antu, amma manomin da ke son sanin zafin rumbunsa yau ma'aunin zafi na kasuwa ya ishe shi.

Inda hujjar ta gaza shi ne ɗaukar cewa zaɓi biyu ne kawai, ko a gina zobe ko a bar fannin gaba ɗaya. Ƙasashen da suka shiga ba haka suka yi ba. Burazil ta shafe kimanin shekara goma tana horar da matasa suna ƙera sassan zobenta na farko da hannunsu kafin ta buɗe shi a Campinas a 1997, kuma waɗannan mutanen da almajiransu ne suka gina Sirius, ɗaya daga cikin mafi inganci a duniya, wanda ya fara gwaje-gwaje a 2020. Zoben SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017 da kayan tsohon zoben Balin da Jamus ta bayar kyauta ya fara, ƙasashe takwas suka haɗu a kansa, ciki har da Masar da Turkiyya da Pakistan da Iran, kuma an yi shekaru ana horar da masu amfani da shi kafin a kunna. Afirka ta Kudu ba ta da zobe, amma tun 2013 ta shiga yarjejeniya da ESRF, masananta suna zuwa suna aiki. A ko'ina mutane ne suka riga na'ura. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Arewa ma ba baƙuwa ba ce a riƙon babbar na'ura. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana gudanar da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004. A maƙwabta kuma, Jamhuriyar Benin da ke iyaka da Kebbi ta buɗe ɗakin horo kan fasahar eksire mai suna X-TechLab a Kwatano, ɗalibai daga ƙasashen Afirka suna zuwa koyo.

Akwai kuma masu tsoron cewa duk wanda aka horar zai tsere waje. Wasu za su tafi, babu shakka. Amma wanda ya tafi daga sashen da ke da ɗalibai da na'ura mai aiki yana barin ƙofa a buɗe, shi ne gobe zai karɓi samfuri daga gida ko ya sa sunan ƙaninsa a takardar neman gurbi. Hasarar gaske ita ce sashen da bai taɓa fitar da wanda wata cibiya za ta so ɗauka ba.

Matakan da suka fi ƙarfin surutu

Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ita ce wurin da ya dace a fara, kuma matakin farko kusan kyauta ne. Abin da na'urar eksire ke fitarwa lambobi ne, kuma lambobi manhaja ce ke karanta su. Rumbun Crystallography Open Database yana ɗauke da tsarin kiristal sama da rabin miliyan, kowa na iya saukewa. Rumbun RRUFF na Jami'ar Arizona yana da sakamakon awon ma'adinai, har da sifodumin da kolumbayit, kuma fayil ɗaya bai kai nauyin hoton WhatsApp ba. Manhajojin Profex da GSAS-II kyauta ne. Ita ma pyFAI, wadda ma'aikatan ESRF suka rubuta da yaren Python, a buɗe take ga mai son karanta lambobinta ko gyara su. Cibiyar ta kuma ɗauki ƙa'idar sakin bayanan gwaje-gwaje ga jama'a bayan shekara uku. Ɗalibin da ya iya Python daidai gwargwado zai iya ɗaukar awon wani ma'adini, ya rubuta layuka kaɗan da za su gano kololuwar jadawalin, ya yi lissafin Bragg, ya fitar da tazarar ƙwayoyin da kansa. Wannan darasi ne na zango ɗaya, kuma bai kamata a rufe shi ga masu digiri kaɗai ba. Matasan da suka koyi rubuta manhaja da kansu a waya da tsohuwar laftof suna nan a Jega da Birnin Kebbi, haka ɗaliban sakandare na Maiyama da ke zaman hutu. A buɗe musu aji a lokacin dogon hutu.

Mataki na biyu yana haɗa jami'a da kasuwa. Akwai ƙaramar na'ura mai suna NanoVNA da ke zana yadda filta ke barin sigina ta wuce a kowane zango, kuma kuɗinta bai kai na matsakaiciyar wayar Android ba. Matattun injinan waya suna nan tuli a rumfunan gyara. Abin da ke da wuya shi ne ciro filtar da ba ta kai ƙwayar gero ba a liƙa ta a allon gwaji ba tare da an ƙona ta ba, kuma wannan hannun mai gyaran waya ne ke da shi, malamin fiziks ba shi da shi. A haɗa mai gyara da ɗalibi, a auna filta a ɗaki mai sanyi, a sake aunawa a digiri 45 da 60, a kwatanta sabuwa da wadda ta yi shekara uku a aljihu. Ɗalibi ya sami aikin kammala karatu wanda ba kwafe ba ne, mai gyara kuma ya daina canza filta da ka, ya koma aunawa kafin ya cire.

Mataki na uku shi ne na'urar auna watsuwar eksire ta kan tebur, mai aiki kullum. Sayenta shi ne ɓangare mai sauƙi, asusun TETFund yana ɗaukar nauyin irin waɗannan kaya a manyan makarantu. Abin da ke kashe na'urori a ƙasar nan sananne ne: wuta mai tsalle-tsalle, rashin kuɗin gyara, da mabuɗin ɗaki da ke aljihun mutum ɗaya. Don haka a haɗa kuɗinta da na sola da batir, da albashin ma'aikaci biyu da aka horar, da yarjejeniyar gyara ta shekaru. A manna farashin awo a fili, a buɗe shafin yin rajista, mai haƙar dutse daga Ngaski ko mai yin bulo daga Jega ya kawo samfurinsa ya biya ya karɓi sakamako. A ƙarshen kowace shekara a wallafa adadin samfurin da aka auna da kwanakin da na'urar ta yi a kashe. Da wannan adadi za a auna shirin, hoton yanke kirtani ba ya cikin lissafi.

Sai bayan waɗannan ne maganar zobe za ta yi ma'ana. Cibiyoyin sinkirotiron suna raba lokacin aiki ne bisa ingancin takardar da mai bincike ya rubuta. Shirin LAAAMP na ƙungiyoyin duniya na masana fiziks da masana kiristal ya sha ɗaukar nauyin malami da ɗalibinsa daga ƙasashe masu tasowa su je su yi wata biyu a irin waɗannan cibiyoyi. Wanda ya zo da awon filtoci ɗari da suka tsufa a zafin Kebbi, da tambaya takamaimiya kan abin da ya sauya a cikin dutsen, yana da abin da zai sa a saurare shi. Wanda ya zo da takardar shaida kawai zai bi layi.

Abin da ake buƙata daga gwamnatin jiha da shugabannin jami'a bai wuce aji ɗaya, da 'yan na'urorin awo, da ɗaki mai wuta tsayayya, da haƙurin shekara biyar ba. In aka fara bana, yaron da ke aji biyar a sakandare a Maiyama zai iya zama wanda zai rubuta waccan takarda. In ba a fara ba, motoci za su ci gaba da fita da dutse a buhu a farashin da mai saye ya yanka, mai gyara a Jega kuma ya ci gaba da tonon matattun injina yana neman filtar da zai dasa, ba tare da ya san ko daga ƙasarsu aka haƙo abin da ke cikinta ba.